A Sallami Kofur Daga Gadi

Zuwa ga maigidana, baban yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya kai da abokan aikinka. Yaya ƙafar nan da takalmi ke ci? Allah ya sa kana shafa man da na cusa maka a aljihun jaka, ba ka rabar wa 'yan ɗakinku ba kamar yadda ka saba. Auta tana gaishe ka, ta ce a gaya maka haƙorinta na gaba ya fita.

Ka lura ban ce muna nan lafiya lau ba. Ka san dokar layinmu. Matar Saje, shugabarmu, ta sha tara mu tana cewa wasiƙar da za a kai wa soja a fagen daga ba ta ɗaukar komai sai "lafiya lau," wai mutumin da hankalinsa ya koma gida ƙafarsa takan taka inda bai dace ba. Na bi dokar nan tun da ka tafi. Yau na karya ta da gangan, saboda ɗanka.

Ka tuna ranar tafiyarku? Mota tana ta huci a bakin layi, ka durƙusa a ƙofar ɗaki, ka miƙa wa yaron nan guntun katakon da muke tokare taga da shi, ka ce masa, "Kofur, ga gida nan. Kada ka bar ƙofar nan sai na dawo na sallame ka." Kowa ya yi dariya, har da ni. Ni ce ma na ɗinka masa igiya biyu a hannun riga da ragowar ƙyallen shagonmu, don ka ce zai yi kyau a hoto.

To, maigida, yaron nan bai ɗauke ta wasa ba. Da farko yana zuwa makaranta, sai ya sulale lokacin tara ya dawo. Yanzu ya ƙi zuwa ƙememe. A tsaye yake cin abinci. In zai zaga bayi sai ya damƙa wa Auta katakon, ya tafi da gudu ya dawo da gudu. Malamarsu ta zo har gida, ya sara mata, ya ce ta yi haƙuri yana kan aiki. Na lallashe shi, na yi faɗa, har bulala na ɗauka na ajiye. Amsarsa ɗaya ce: mai gadi ba ya barin wurinsa sai wanda ya ajiye shi ya sallame shi, ni kuwa farar hula ce. Ka ji ni da na haife shi! A babbar ƙofar bariki ya koyo wannan, wurin masu gadin da yake tsayawa kallo.

Abin da nake so ba shi da wuya. Ka rubuto masa layi biyu da hannunka, ka ce ka sallame shi. Direban motar kayan abinci zai dawo wajenku, ka ba shi ya kawo.

Allah ya tsare mana kai.

Matarka,
Maman yara

*

Zuwa ga baban yara,

Ina gaishe ka, ina kuma fata wannan ta same ka lafiya. Na gode Allah da na ji ƙafar ta yi sauƙi. Amsarka ta iso, na karanta ta a shago, keken ɗinki a gabana, sai da na cire ƙafata daga kan feda don kada in ɗinke yatsana.

Wai jinin soja ne. Wai in bar shi ya zama namiji, kuma za ka kawo masa hular gaske. Har ka ƙara masa layi a ƙasa cewa Kofur ya ci gaba da aiki. Ban karanta masa ba, kuma ba zan karanta ba. Ka yi fushi in kana so.

Na san ba mugunta ba ce, kana can kana hango shi yadda ka bar shi, da kumatunsa. Kumatun sun tafi. Wandon makarantarsa sai da na rage masa ƙugu. Ido ya faɗa, kuma ko motsin kyanwa ya ji a kan kwano sai ya zabura. Rannan da yana wanka na ɗauki reza na farke igiyoyin nan daga rigar. Da ya fito sai ya ɗauki biron Auta ya zana biyu a fatar damtsensa. Shekaranjiya da rana tsaka ya yanke jiki ya faɗi a bakin ƙofa. Nas ɗin asibitinmu ta ce ba wata cuta, rashin barci ne da rashin ci. Da ya farfaɗo ya ga ba a ƙofar yake ba, ya fizge ƙarin ruwan da aka sa masa zai gudu. A nan ya gaya mini abin da ya ɓoye: ya yi imani in ya bar ƙofarmu, kai ma wanda ke gadinka a can zai bar ka. Yaron da bai kai shekara goma ba, maigida, shi ke ɗauke da ranka a kansa.

Direban nan bakinsa ba ya shiru, don haka maganar wasiƙata ta zaga layi. Matar Saje ta zo da rakiyar mata, suka yi mini caa a tsakar gida. Ta ce na ɗaga maka hankali a banza, ita nata 'ya'yan duk sun yi irin wannan kuma sun warke. Na tambaye ta wanne ne ya warke, wanda har yau yake fitsarin kwance ko wanda ba ya magana in babansa yana gida? Ta fita ba sallama. Na san na yi mata rashin kunya, zan je in ba ta haƙuri a kan bakina, amma ba a kan maganar ba.

Ga abin da zan yi, ina gaya maka tun kafin ka ji a bakin wani. Tunda dokarku yaron nan yake bi, a dokarku na gaba da kai yana iya sallamar wanda ka ajiye. Gobe zan je ofishin Samanja. Na san matar soja ba ta kai maganar gida ofishin nan, na san za a ce ka kasa riƙe iyalinka, kuma na san kana jiran igiya ta uku. Ni ce nake ɗinka igiyoyin nan kullum a kafaɗun mazajen wasu, ba wanda ya fi ni son in ɗinka taka. Duk da haka zan je.

Ka kula da kanka.

Matarka,
Maman yara

*

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya gajiya? Ban jira amsarka ba, ga labarin yadda aka yi.

Na je. Magatakardan ofishin ya bar ni a benci har ƙafata ta yi tsami, yana ta leƙena ta saman tabarau ko zan gaji in tafi. Da Samanja ya fito na tare shi a baranda na zayyana masa komai. Ya daɗe yana murza gashin baki, sannan ya ce zai zo da kansa, kuma yadda ya kamata.

A nan muka yi wauta, ni da shi duka. Yadda ya kamata a wurinsa shi ne cikakken kaki, da sanda a hammata, da soja ɗaya a bayansa. Ka kuwa san abin da ke kawo babba cikin wannan shiga ƙofar matar da mijinta ke fagen daga. Suna shigowa layinmu mata suka saki abin da ke hannunsu. Maƙwabciyarmu ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu, matar Saje ta rugo ta rungume ni tana kuka tana cewa in yi haƙuri. Ina cewa ku tsaya, ba haka ba ne, babu mai ji na.

Shi kuwa yaron yana tsaye ƙyam a ƙofa, katako a kafaɗa. Bai gudu ba, ya sara. Samanja ya amsa, ya ce da babbar murya, "Kofur, aikinka ya yi kyau. An sallame ka daga gadi." Yaron bai sauke hannu ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, babana ya mutu ne?"

Sai da mutumin nan ya cire hularsa ya durƙusa a ƙasa da kakinsa mai guga. Ya rantse masa kana raye, ya ce masu gadinka manya ne kuma ba sa barci, ba sa bukatar taimako daga nan. Sannan katakon ya faɗi. Yaron ya yi kukan da ban ji ya yi ba tun tafiyarka, ya kama zanena kamar ɗan goye. Ya kwanta kafin la'asar, bai tashi ba sai da rana ta fito washegari, ya ce yunwa yake ji. A zaune ya ci.

Ban san abin da za a rubuta a kanka a ofis ba. Magatakarda ya tambayi lambarka, na ba shi ban ɓoye ba. In igiyar ta makara, ni na jawo, kuma ko a jikina. Na daina kiransa Kofur, na hana Auta, na hana 'yan layi. In ka dawo kai ma da sunan da ka raɗa masa za ka kira shi.

Ya koma makaranta yau. A hanya ya riƙe hannuna ya tambaye ni ko za ka ji haushinsa don wani ne ya sallame shi ba kai ba. Na ce masa ko kaɗan, babanka murna zai yi. Don Allah, maigida, kada ka mai da ni maƙaryaciya a wurin ɗana.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Maman yara