A Ɗauke Akwatin Zaɓe Daga Gindin Darbejiyarmu

Zuwa ga Mai Girma Jami'in Zaɓe na Gundumarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Hajara, 'yar marigayi Malam Sani tela, mai gidan nan da ke da babbar darbejiya a ƙofa a cikin Zango. Ina zaune a Highbridge, a Bronx ta birnin New York, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Na rubuto a fili ne saboda ƙanena Awudu ya gaji da sintiri a ofishinka, kullum sai a ce masa ka shiga taro. Ni kuwa tsoro ya hana ni jira.

Na farko, ranka ya daɗe, kai baƙo ne a garinmu, bari in ba ka tarihin akwatin zaɓen nan. Tun da aka dawo mulkin farar hula ake ajiye shi a gindin darbejiyarmu. Ba wanda ya roƙi mahaifina. Shi da kansa ya fito da teburin da yake yanka yadi a kai, ya ce inuwar ta masu zaɓe ce. A lokacin mazaɓarmu ta majalisa ƙatuwa ce, ta taso daga kasuwa, ta haɗa da Zango, ta ƙetare kogi har ƙauyukan masu doya. Kujerar ta sha yawo. Wani likita ya riƙe ta, wata malamar makaranta ta kayar da shi, daga baya wani mai motocin haya ya karɓe. Duk wanda ya ci, ƙauyuka ne suka ɗora shi, ƙuri'un Zango ba su taɓa kayar da kowa ba. Shi ya sa muke zaɓe cikin raha. Mahaifiyata, Mma Adiza, takan dama koko a babbar tukunya ta raba wa 'yan layi kyauta, ludayin farko na malamin zaɓe ne. Da yamma a ƙirga a gaban kowa, 'yan jam'iyyar da ta faɗi su za su wanke tukunya. Da idona na ga sarkin fawa guda ya naɗe hannun riga yana kankare ƙanzo, abokan hamayyarsa suna yi masa sannu da aiki.

Na biyu, sai aka raba mazaɓar gida biyu, tsohuwar mazaɓar ta tafi har da sunanta. Ƙauyuka suka kama gabansu. Aka bar mu a wata 'yar ƙaramar mazaɓa ta cikin gari, unguwannin tudu suna bin jam'iyya ɗaya, na gangare suna bin ɗayar, kusan kunnen doki suke yi. Zango yana tsakiya. Yau ko yaron goye ya san wanda ya ci akwatin darbejiya shi zai tafi majalisa. Ban ce an yi laifi da aka raba ba, ni ba 'yar siyasa ba ce. Amma an ƙara wa akwatin nauyi, aka kuma bar shi a ƙofar tsohuwar da ke dogara sanda.

Na uku, abin da ya faru a zaɓen da ya wuce. Mma ta dama kokonta kamar yadda ta saba. Da hantsi wasu samari da ba 'yan Zango ba suka sauko daga bayan mota, suka ce kokon sayen ƙuri'a ne. Wasu samarin suka taso suka ce ai 'yan ɗaya ɓangaren ta fara zuba wa. A cikin ture-ture aka kifar da tukunyar, koko mai zafi ya kwarara mata a ƙafa. A lokacin asuba ce a nan New York, ina cikin jirgin ƙasa zan tafi aiki, ina waya da Awudu. Na ji ihu, na ji muryar uwata tana salati, sai jirgin ya shiga ƙarƙashin ƙasa, waya ta yanke. Har muka isa tasha ta gaba ban san ko ina da uwa ba. Tun daga ranar, duk lokacin da jirgi ya nutsa cikin ramin nan sai in tuna salatin nan nata. Ƙafar ta warke, amma tabon yana nan, ka aika a duba.

Na huɗu, ga wani zaɓen ya ƙarato. 'Yan tudu sun zo gaishe ta, suka ce don lafiyarta kada ta kuskura ta dama koko bana. 'Yan gangare sun zo gaishe ta, suka ce in ba ta dama ba sun gane inda ta dosa. An wayi gari an ga an shafa jan fenti a bangonmu, ba mu san na wane ɓangare ba ne. Na roƙe ta har da kuka ta koma wurin ƙanwarta a ƙetaren kogi har a gama. Ta ce, “Hajara, babanki ya ba mutane inuwa, ni ce zan kwashe? Ni koko na sani, ban san fatin siyasa ba.” Zuwa kuma ba zan iya ba. Takardun zamana ba su fito ba, in na fita ba dawowa, kuma aikin nan shi ke riƙe da gidan. Ina nan ina goge wa uwar wasu baki, tawa tana zaune a tsakanin wuta biyu.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A mayar da akwatin zuwa makarantar firamare, inda akwai katanga da ƙofa. A sanar da wuri, daga bakin ofishinka, don kada a ce gidanmu ne ya kori zaɓe. Sannan ka turo mutum mai furfura ya zauna a gaban Mma, ya gode mata, ya gaya mata amanar mijinta ta cika. Wannan kaɗai za ta ji, maganata ba ta shiga kunnenta.

Ba zan ɓoye maka ba, Awudu ya aro zarto. Ya ce in ba inuwa, ba wanda zai kafa tebur a rana. Mma ta ji labari, ta ce duk wanda ya taɓa itacen da mijinta ya shuka ba ta yafe masa ba duniya da lahira. Na ce wa Awudu ya dakata. Amma ranar da aka liƙa sunayen rumfunan zaɓe, in har darbejiyarmu tana ciki, ni zan ce masa ya sare. Gara ta rayu tana fushi da ni. Don girman Allah, ranka ya daɗe, kada ka bari ta kai ni ga haka.

Allah ya yi maka jagora, ya sa a yi zaɓe lafiya a tashi lafiya, ya kare maka taka mahaifiyar in tana raye, in ta rasu ya haskaka kabarinta.

Wassalam.

Hajara 'yar Malam Sani tela,
Highbridge, Bronx.