Madam Ta Daina Kiran Sunana

Anti Fadilatu, don Allah ki taimake ni, wannan magana ba zan iya faɗinta baki da baki ba. A aji shida na tsaya, ki yi haƙuri da rubutuna.

Ina koyon ɗinki a unguwar Alabar wajen Madam Rafia. Da can kayayo nake yi a kasuwar Kejetia, ina ɗaukar wa mutane kaya a ka. Madam ma da haka ta fara. 'Yarta ta fari, Zuleha, ita ma ta bi sahu, har ranar da mota ta buge ta da kwanon doya a kai, don nauyi ya hana ta waiwayawa. Abin da ya sa Madam ta buɗe shagon ke nan. Mu tara ne, duk daga kasuwa ta kwaso mu. Dokarta ɗaya ce, ba a ɗora komai a ka, ko bokitin ruwa ne.

Akwai wani keken ɗinki a lungu da ta saya wa Zuleha, ba ta kai ga hawa ba. Gammon marigayiyar na rataye a samansa. Kullum Madam sai ta goge keken ta sa masa mai. Wata biyu ke nan ta ce in koma kansa, kuma tun ranar ta daina kiran sunana. Kowa tana kiransa da sunansa, ni kuwa sai "'yar nan", ba ta ko haɗa ido da ni. Tsohuwar da ke sayar da wake a ƙofa ta ce haka Madam take kiran Zuleha.

Anti, ran Juma'a da rana tsaka kowa ya fita, na ga gammon yana lilo, ga fanka a kashe. Wuyana ya riƙe kamar an aza mini kaya. Yanzu in na zauna a keken ba na iya waiwayawa. Jiya aka kira sunana sau uku a hanya, ban gane da ni ake ba.

Kawuna Mutaru ya ce in gudu kafin a musanya ni. Madam kuma tana so ta ba ni makullin shago in riƙa kula da sababbin yara. In na tafi, ɗaukar kwano zan koma. In na zauna, wa zan zama?

Mai tsoro, Alabar

'Yata, matattu ba sa aron jikin kowa, Allah Ya ji ƙan Zuleha. Abin da Madam ke yi miki alkunya ce. A gidaje da yawa uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta haɗa ido da ita. Ta ɗora ki a wannan gurbin ne, ba ta san ta firgita ki ba.

Amma tsoronki ba shirme ba ne. Matar da ta sauke wa yara tara kaya ta aza miki wanda ya fi doya nauyi. Kawunki ya ga haka, sai dai gudu kasuwa zai mayar da ke.

Ki fara zuwa asibiti a duba wuyan, shekarun dako kan bar ciwo. Gammon kuwa, wataƙila babbar mota ce ta wuce ta girgiza bango. Ki riƙe addu'o'inki. Tunda kina da kunya, ki roƙi tsohuwar mai wake ta raka ki wajen Madam. Ku roƙe ta ta adana gammon a ɗakinta, a jawo keken bakin ƙofa inda haske yake, kuma ta ba ki makullin a gaban yara da sunanki na yanka. In ta yarda, ki karɓa da hannu biyu. In ta ƙi, ko ta fara ba ki tufafin marigayiya, Mutaru ya nema miki wani shagon, ku rabu da mutunci.

Na ga ko a wasiƙar ba ki sa sunanki ba. Gobe ki ɗinka shi da jan zare a gaban rigar aikinki, a kan keken nan. Allah Ya sauke miki nauyi, Ya sanyaya zuciyar Madam.