Kitsen Jima a Ƙarƙashin Teku

Lome, 4 ga Janairu

Zuwa ga Innata Jima, a Karofane.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lahiya, ke da mutanen gida duka. Wata takwas ban rubuto ba, kunyar abin da na faɗa miki ranar tahiyata ce ta hana ni.

Inna, ba tuƙin jirgi nake ba kamar yadda ake baza labari a gida. Farfela nake kankarewa, wato fankar tagulla da ke tura jirgin kamun kifi daga ƙarƙashin ruwa. Wasu 'yan halittu masu ɓawo irin na koɗi ke manne mata, ga gansakuka, sai jirgi ya yi nauyi ya riƙa shan man gazuwal ba gaira ba dalili. Sau biyu ina shafa mata fenti, sau biyu juyawa na ɓare shi. Maigidana ya ce ƙarshen watan nan jirgin zai koma ruwa, bayan wata biyu a sake jawo shi tudu, in ya iske halittun nan manne da ita in naɗe tabarmata. Tsoro nake ji, Inna. Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki, Shafi'u.

Karofane, 19 ga Janairu

Shafi'u,

Mushe Issa, malamin lakwal, wato makaranta, ke riƙe da biro, amma bakina ne. Muna lahiya. Addu'a kuwa ban jira ka roƙa ba.

Kai, amma ka ba ni haushi! Shekara nawa kana zaune gindin murhuna kana cin waina da zahinta, ba ka taɓa tambayar abin da ke hana ta kama tanda ba? Ashe cikinka kaɗai ka kawo, idanu ka baro ɗaka. Ban san teku ba, tabkin Keita ma sau ɗaya na gan shi, amma na san abin da ke mannewa, kaushi yake nema. Ka goge fankar nan da yashi mai laushi har ka ga haƙoranka a ciki. Ka gasa ta, kada ka bari ta yi ja, ka yayyafa ruwa, in ya yi tsalle ta yi. Sannan ka shafa kitse kaɗan, ka goge da tsumma, ka bari ta huce. Sau ukku. Kada ka lafta, na san hannunka.

Ga gwangwanin kitsen rago nan wajen direba, ni na narka shi na tace. In ka soya ƙwai da shi, ni da kai ne.

Uwarka.

Lome, 27 ga Maris

Inna,

Ina gaishe ki, ina ƙara gaishe ki. Na yi yadda kika ce kafin jirgin ya koma ruwa. Da farko an yi mini dariya. Abokan aiki suka sa mini suna Mai Waina, karnukan bakin ruwa suka yi ta bina kwana biyu. Maigida ya toshe hanci ya ce ruwana, in abin ya ƙi ni zan rasa aiki.

Shekaranjiya aka jawo jirgin. Cikin jirgin ya yi gemu da gansakuka, amma farfela sai 'yan ƙwarori bakwai, na ƙirga su, da tsumma na share su. Maigida ya shafa ya sake shafawa, ya ce wane kamfanin Turawa ke yin wannan magani? Na miƙe tsaye gaban kowa na ce, "Ba Turawa ba ne. Jima ce, mai waina a kasuwar Karofane, kuma ita ta haife ni." Yanzu jirage huɗu ke jirana, duk wata biyu in sake musu.

Ki yafe mini maganar nan, Inna.

Ɗanki, Mai Waina.

Karofane, 10 ga Afrilu

Shafi'u,

Na sa Mushe Issa ya karanta takardarka sau ukku a bakin tanda, ranar kasuwa, da ƙarhi. Kai ka ce mini hayaƙin tanda bai kai mutum ko garin Madawa. To, ga shi ya kai teku.

Na yafe tun kana cikin mota. Bakwai ɗin nan kuwa, ka lafta ne.

Uwarka, Jima.