Bututun da Kika Riƙe Mini

Asabe matata,

Sallama gare ki, da fatan Allah ya sanyaya makwancinki. Na san ba mai kai miki wannan takarda. Amma wa zan faɗa wa? Ni da duk Ƙauran Namoda ta sani da sayar da injin ban-ruwa, in fita kasuwa in ce kifi ya hana ni sukuni?

Gida lafiya. Ɗiyarmu Hadiza ta haihu a Shinkafi, an sa wa jaririyar sunanki. Ana ta raɗe-raɗin za a cire mu daga Sakkwato a ba mu jiharmu. Kujerar Makkan da na yi ta ɗaga miki ta fito, ni zan tafi a madadinki, mako mai zuwa.

Tafiyar ce ke ba ni tsoro, saboda akwatin gilashin kifayenki na falo.

Akwai abin da ba ki gani ba. Ranar da muka kai ki garinku Birnin Tsaba, aka ɗauke wuta muna maƙabarta. Injin da ke tura ruwa zuwa akwatin daga tankin da ke ƙarƙashinsa ya tsaya, sai bututun ya shiga zuƙo ruwan sama yana mayar da shi ƙasa. Tankin ya cika ya tumbatsa, gawayin tace ruwa da tsakuwa suka watsu a kan darduma. Na dawo na iske kifayenki a kwance a ɗan ruwan da bai rufe bayansu ba. Biyu suka rayu, karfasan nan da yayanki ya kamo miki a tafkin garinku.

Kin san halina. A aji uku na bar sakandare, ba wanda ya koya mini kama sifana, kuma ban taɓa kiran wani ya gyara mini abu a gidana ba. Na huda bututun kusa da bakin ruwa, don in wuta ta tafi ya sha iska ya daina zuƙa. Na ɗauko inji na biyu daga shago, na haɗa shi da batirin gingimari, in ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe. Sai dai na haɗa su biyun a bututu guda, tsohon nan, wanda kika riƙe mini da hannu biyu ina shafa gam, kina cewa Alhaji in ya zuba a ɗakina kai za ka kwana kana tsanewa.

Da na gwada, na kashe na wuta na bar na batir. Yana ta gurnani, yana aiki iya ƙarfinsa, amma ruwan ba ya isa sama. Na durƙusa na leƙa. Asabe, ashe ruwan yana zuwa mahaɗa sai ya juya, ya bi ta cikin injin da ya mutu, ya koma ƙasa. Na daɗe a durƙushe a wurin. Ba sai an yi mini bayani ba. Haka nake tun da kika tafi.

Maganin a fili yake: a yanke mahaɗar, kowane inji da bututunsa. Amma yanka na nufin tsayar da komai har gam ya kama, ga zafin bazara, ruwa kamar an ɗora shi a murhu. In kifayen suka taso sama suna buɗe baki fa, ni da zarto a hannu? In na kashe da hannuna abin da ɗauke wuta ya bari fa? Na yi ta ɗagawa, kamar yadda na ɗaga miki Makka.

Yau da hantsi na yanke. Madam Rahila, maƙwabciyarmu matar ma'aikacin jirgin ƙasa, ta tsaya tana ɗebo ruwan da kwanon sha tana kwararo shi daga sama don su sami iska. Tana yi tana yi mini tsiya, wai mai sayar da inji ya koma hayar mace da kwano. Na ci gaba da shafa gam. Ƙaramin kifin ya kwanta ta gefe, na ce shi ke nan. Da gam ya kama na kunna, ruwa ya hau ta bututu biyu, kifin ya kaɗa jela ya miƙe.

Suna raye. Ita za ta kula da su in na tafi. Na ba ta zobenki na azurfa, don har yau ba sa zuwa cin abinci sai an ƙwanƙwasa gilashin da shi. Ni in na sa yatsa, gudu suke yi.

Amma tsoron bai tafi ba. Batir na iya mutuwa, gam na iya saki, ina can bayan teku. Kuma ƙarar ruwan ta sake. Wannan ɓulɓul ɗin da kike cewa yana sa ki barcin rana, daga tsohon bututun yake fitowa, ban sani ba sai da na yanke shi. Yanzu falon shiru, ruwa na gudu sumul.

Guntun da na yanke yana cikin jakar tafiyata, naɗe cikin harami. Har yanzu akwai shatin yatsanki a kan gam ɗin.

Sai mun iso, Asabe. Allah ya jiƙanki.

Mijinki,
Sani mai inji