Tsohon Kada na Bakin Lambu

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau mako uku ke nan da na fara hawan keke bayan sallar asuba, bisa umarnin likita. Hawan jini da sukari. Ya ce ko dai in motsa jiki, ko ya ƙara mini ƙwayoyi. Na zaɓi keke saboda ba ya bukatar abokin hira. Matata Hasiya har yanzu dariya take yi mini: "Abban Ilham, mataimakin darakta guda a kan keke! Maƙwabta za su ce an karɓe motar ofis." Ban tanka ba. Shekara ashirin da takwas muna tare, ta saba.

Daga Unguwar Rimi nake bi ta Malali, sannan in sauka daga kwalta in kama 'yar hanyar masu lambu da ke bin gaɓar kogi har bayan Rafin Guza. Ban zaci akwai sauran namun dawa kusa da gari haka ba. Yau na ga makwarwa biyu, da kurege, da zalɓe tsaye cikin ruwa.

Talata, 5 ga Nuwamba

Bushiya a kan kwalta, mota ta take ta. Na tsaya na tura ta gefe da kara. Ban san dalili ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na faɗi. Wani ƙaton guza ne ya ratsa hanya daf da tayar gaba, na matse birki da ƙarfi, sai ga ni a cikin kunyar albasa. Gwiwa ta kuje, ba wani abin damuwa ba.

Mai gonar ya zo ya ɗaga ni. Dattijo ne, zai kai saba'in, sunansa Malam Tijjani. Ya saka tayar tsakanin gwiwoyinsa ya miƙe kan keken, ya ɗiga wa sarƙar baƙin mai daga na injin ban-ruwansa. Yana yi yana cewa, "Yallaɓai, ashe kai ne kake wuce mu kullum kamar muna gaba." Na ce ai nakan ɗaga hannu. Ya ce, "Wannan gaisuwar direbobi ce. Wallahi sarƙar kekenka ta fi ka magana." Na yi dariya, abin da ya ba ni mamaki.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Ina so in rubuta wannan daidai yadda ya faru.

A ƙasan gonar Malam Tijjani, gindin wani mangwaro, akwai gurbi mai zurfi da kogi ke cikawa da damina. Daga nan masu lambun suke jan ruwa. Na iske shi zai sauka ya saka tiyo, amma kafin ya taka ruwan sai ya ɗauki gora ya bugi samansa sau uku, ya koma ya tsaya. Na tambayi dalili. Ya dube ni tsawon lokaci, kamar mai awo, sannan ya ce, "Zo nan. Kada ka nuna da yatsa."

A ɗaya gaɓar, abin da na ɗauka kututture ne ya motsa. Kada. A ƙiyasina ya kusa mita uku. Ya sulale cikin ruwa ba tare da ƙara ba, ya nufi can ƙuryar gurbin, idanunsa kawai a waje.

Abin da na riƙe daga bayanin dattijon: tun yana ɗaukar buhu biyu a kafaɗa kadan yake nan. Bai taɓa kama mutum ba. "Akuya biyu ya ci, su ma su suka kai kansu." In an bugi ruwa yakan koma ƙurya ya ba da wuri. Da hantsi ba mai sauka, lokacin shan ranarsa ne. In kaza ta mutu a gida, a kawo masa.

Sai ya ce, "Mu takwas muka san da shi, masu lambun nan. Kai ne na tara. Ba a faɗa a gari, Yallaɓai. Masu fata da masu haɗa magani ba za su bar shi ya kwana biyu ba."

Na ce, "To." Na san abin da kalmar take nufi a lokacin da na faɗe ta.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Tunanin ya hana ni sakat. Sawun tifar masu yashi ya iso kusa da gonakin, kuma gine-gine suna ta matsowa. Shirun dattawa takwas ba kariya ba ce mai ɗorewa. Ƙaramin cikinsu ya haura hamsin. Abin da ke kare irin wannan dabba shi ne doka, doka kuwa ba ta aiki sai da takarda. Cewa Malam Tijjani ya yi ba a faɗa a gari. A fahimtata, ofishin da ke da alhakin namun daji ba gari ba ne.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Na aika wa ofishin namun daji wasiƙa. Shafi biyu, bayan gyara uku. Na bayyana wurin dalla-dalla: mita ɗari biyu daga inda hanyar ƙafa ta rabu biyu, gindin mangwaro, da sa'o'in da yake fitowa, tsakanin tara da sha ɗaya na safe. Rahoton da ba shi da ƙididdiga ba a ɗaukarsa da muhimmanci. Na nemi a kafa alama, a hana ɗibar yashi a wurin. A ƙasa na saka kwafi zuwa ga mai unguwar da gonakin ke ƙarƙashinsa, kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Ba a rubutu a kan ƙasar mutum ba tare da saninsa ba. Sanda masinja ya kai duka biyun.

Wasiƙa ce mai kyau. Na gamsu da ita.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Sanyi ya shigo sosai. Na daɗe a lambun har hantsi, na gan shi kwance a kan taɓo, baki buɗe, wasu ƙananan tsuntsaye suna yawo kusa da ƙafarsa ba tsoro. Fatar bayansa duk tabo. Malam Tijjani ya ce, "Shi ma tsufa ya kama shi, kamar ni da kai." Ya ɗaura mini latas a bayan keke kamar yadda ya saba, ya ce in kai wa uwargida.

Ban gaya masa batun wasiƙar ba. Na fi so in zo masa da sakamako a hannu.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Na bi sawu. An ce takardar tana cikin fayil, jami'in da zai duba ya tafi kwas. Na san wannan amsar. Ni ma na sha ba da ita.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

A daidai inda hanya ta rabu biyu na gamu da mutum biyu a kan babur. Na baya yana riƙe da igiya a naɗe, da wani dogon abu cikin buhu. Na gaban ya ce, "Baba, ina mangwaron da ake cewa? Wanda aka karanta a takarda. An ce mita ɗari biyu daga nan."

Lambata ce. Ni na auna ta.

Na ce ban sani ba, ni ma baƙo ne. Suka yi gaba, ta ɓangaren da ba shi ba. Gonar Malam Tijjani tafiyar minti biyu ce daga inda nake tsaye. Na juya keken na koma gida.

A ofis na kira Sanda. Ya ce da ya kai kwafin, mai unguwa yana zaune a zaure da jama'a, kuma da yake wasiƙar da Turanci take, sai ya ba wani ya fassara ta a bayyane. Har mai unguwar ya gargaɗi mutane kada kowa ya taɓa dabbar. Bai yi kuskure ba. Haka ake karɓar takarda a zaure, kuma na san haka tun ina yaro.

Kafin a tashi zuwa masallaci na rubuta takardar tunatarwa, na saka mata "Gaggawa" a sama.

Lahadi, 1 ga Disamba

Sun kashe shi.

Jiya da hantsi, lokacin da masu lambun suka tafi jana'izar wani maƙwabcinsu. Yau na iske ciyawar gaɓar a tattake, jini ya bushe a kan taɓo, da sawun inda aka ja shi har bakin hanya. Ƙudaje. Malam Tijjani yana zaune a gindin mangwaron, injinsa a kashe.

Ya ce, "Sun san sa'ar fitowarsa." Bai ɗago kai ba.

Na ce, "Allah Ya kyauta." Abin da ya fito daga bakina ke nan, mutum mai digiri biyu.

Talata, 3 ga Disamba

Na sauya hanya. Kwalta zalla, ta Unguwar Kanawa. Ban ga komai ba sai karnuka.

Juma'a, 6 ga Disamba

Jini ya hau. Ɗari da sittin da biyar.

Litinin, 9 ga Disamba

Hasiya ta lura latas ya daina zuwa. Bayan la'asar ta iske ni ina rubutu a teburin falo, ta tsaya a kaina har sai da na ba ta labarin, dukansa. Abin da nake rubutawa bayani ne ga Malam Tijjani, mai sakin layi uku: niyyata, abin da ya faru, da nadamata.

Ta karanta ta ajiye. Ta ce, "Takarda ce ta jawo wannan, kuma takarda za ka kai masa? Wa zai karanta masa, mai fassarar zaure?" Da za ta fita ta ƙara da cewa, "Ka je da bakinka, Abban Ilham. Kuma ranar Juma'ar nan ba ta cikin sakin layinka ko ɗaya. Na duba."

Gaskiya ne. Ban saka ba.

Laraba, 11 ga Disamba

Amsa ta zo daga ofishin. Sun yaba da kishina, kuma za su turo tawaga ta duba wurin a watan gobe.

Asabar, 14 ga Disamba

Na je. Na jingine keken nesa, na ƙarasa a ƙafa. Yana cire ciyawa a cikin albasa. Na durƙusa a kan kunya na ce, "Malam, ni ne na rubuta takardar." Duk abin da na tsara a hanya ya watse, na yi ta magana ba kai ba gindi.

Ya bari na gama. Ya ce, "Na sani. Ƙanin matata yana zauren, ya gaya mini bayan an binne maƙwabcinmu, aikin gama ya riga ya gama. An karanta har sunanka da muƙaminka, Sharhabil wane, mataimakin wane." Ya karkaɗe hannunsa. "Na yi fushi kwana uku. Daga baya na ce, mutumin nan takarda ce fartanyarsa, da ita ya iya taimako. Na yafe tun kafin ka zo."

A nan zan iya tashi. Ya ba ni abin da na zo nema, kuma ban da ni da Hasiya babu wanda ya san sauran. Na ji kaina ina cewa, "Akwai saura." Na gaya masa na ga mutanen ranar Juma'a, da igiyarsu, kwana guda kafin su dawo, kuma na juya ban ƙaraso ba saboda kunyar haɗa ido da shi.

Ya ajiye ciyawar da ke hannunsa.

Ya ce, "Wannan ban sani ba." Can kuma, "Ranar Juma'a ruwa bai gama yankewa tsakanin gurbin da kogi ba. Da ka ƙaraso, mu takwas da gorori, kafin azahar mun kora shi babban ruwa." Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya koma kan ciyawarsa ya ce, "Ta takardar na yafe, Yallaɓai. Wannan kuwa sai ka ba ni kwanaki."

Na ce ya ɗauki duk kwanakin da yake so.

Talata, 17 ga Disamba

Na koma hanyar kogi. Nakan tsaya a bakin gonar kaɗan, yana aikinsa, sannan in wuce. Yau tunku ya ratsa gabana da gudu, wani abu a bakinsa.

Alhamis, 19 ga Disamba

Injinsa ya ƙi jan ruwa. Bakin tiyon yana ta tasowa yana shan iska, kuma ba zai iya riƙe shi a ƙasa ya ja igiyar injin a lokaci guda ba. Sauran masu lambun suna can nesa. Ya duba hagu da dama, sannan ya ce, ba tare da ya kira sunana ba, "Danne mini can."

Na cire takalma, na naɗe wando, na shiga gurbin har gwiwa. Sau huɗu ya ja kafin ruwa ya kama.

Na makara zuwa ofis da minti hamsin, karo na farko a shekara talatin da ɗaya. Darakta ya tambaya ko lafiya, na ce ina taya wani dattijo ban-ruwa ne. Ya jira ƙarin bayani.

Malam Tijjani bai ce ya yafe ba, ni kuma ban tambaya ba. Ruwan yana da sanyi ƙwarai, kuma ina jin na daɗe a ciki fiye da yadda aikin ya bukata.