Tagar Maigidana da Talabijin ɗin Surukina

Anti Mahani, don Allah ki agaza mini da shawara kafin Asabar. In ranar ta zo ban samu mafita ba, ni da surukina za mu ɓata, kuma wallahi yaron kirki ne.

Shekarata sittin da uku. Maigidana Sudin ya yi shekara talatin da ɗaya yana gyaran jikin motocin bas a garin Kuantan. Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata tsohuwar ƙaramar bas ta 'yan makaranta, wadda kaji har ƙwai suke yi a cikinta, ya mayar da ita gida. Ba yabon miji ba, Anti, ki zo ki gani da idonki. Gado, kicin, banɗaki, wurin salla na mutum biyu, sola a kan rufi, duk da hannunsa. In muka tsaya a bakin teku a Dungun, masu tsadaddun motocin nan da aka shigo da su daga waje su ke zuwa suna tambayar wane kamfani ne ya ƙera tamu. Sai in nuna musu kamfanin, yana zaune ɗaure da zani yana ɓare gyaɗa.

Abin da ya fi ji da shi a motar nan tagar gefen hagu ce. Shi ya yanka ƙarfen, faɗinta ya kai mutum ya ware hannuwansa biyu, kuma damina biyar ko ɗigo ba ta taɓa yi ba.

Shekara biyu ke nan ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma sai da ƙyar. Yara suka ce a sayar da motar. Na ce ba dai ina raye ba. Na shiga makarantar tuƙi cikin sa'o'in jikokina, na faɗi jarrabawar sau biyu, na uku na ci. Yau ni ke hawa tsaunin Cameron da ita, kuma in na shiga da baya tsakanin tirela biyu, direbobin har tafi suke yi mini. Na san na kauce, ki yi haƙuri, ba kullum nake samun wanda zan gaya wa ba.

Ga matsalar. Sudin mayen wasan badminton ne. A waya yake kallo, ya riƙe ta da hannun hagu ya manna da hanci. Fairuz, mijin 'yata Rozita, ya gani tausayi ya kama shi. Bai yi shawara da kowa ba, sai ga shi da talabijin inci arba'in da uku, kamar ƙofar shago. Babu bangon da zai ɗauke shi a motar sai an toshe tagar nan da katako, kuma har ya yi magana da kafinta, Asabar zai zo. Rozita ta ce in rage taurin kai, wai teku ai duk ɗaya ne, Baba ya gani ya ƙoshi. Na ce mata ita da ko ƙwan fitila ba ta iya canzawa ba, kada ta sa baki a aikin ubanta. Ta kashe waya. A ƙungiyarmu ta masu motar gida kuma wani ya ce batirinmu ba zai ɗauka ba, ga shi a kansa firjin da nake ajiye allurar sukarin Sudin yake.

Ni na san mijina. Shekara arba'in muna tare, kafin ya gama haɗa kalma na san inda ya dosa, sai in faɗa a madadinsa. Na san ba zai yarda a taɓa tagar ba. To amma Fairuz maraya ne, Baba yake kiran Sudin, kuma wannan ce babbar kyautarsa ta farko gare mu. Yaya zan yi in ce a'a ban karya masa zuciya ba?

Direba daga Kuantan

'Yar'uwa Direba, sannu da ƙoƙari. Matar da ta koyi tuƙin bas da furfura don kada mijinta ya ƙare a kujerar falo, ta cancanci ta yi alfahari, ki ci gaba da abinki.

A kan na'ura, gaskiya na gefenki. Talabijin na falo ba a yi shi don girgizar hanya ba, yana da nauyi, yana shan wuta, kuma sai an bi da shi ta inbata, na'urar da ke mayar da wutar batiri irin ta gida. Batirin da ke riƙe da maganin mara lafiya ba a gwaji da shi. Akwai ƙanana, inci ashirin da biyu ko da huɗu, waɗanda ke aiki da batirin mota kai tsaye. A ɗaura shi a kan mariƙi mai lanƙwasa da ke kullewa in za a tashi, a jikin kabad mai ƙwari. A cikin mota tazarar kallo ba ta wuce taku biyu ba, wannan ya isa. Ki duba wanda hotonsa ba ya dushewa in an kalla daga gefe, tunda maigida ba ya iya juyawa yadda yake so.

Shi kuwa Fairuz, ya yi gaggawa, amma ya ga abin da kika daɗe kina gani ba ki gyara ba: dattijo yana wahala da waya. Ki kira shi da kanki ki gode masa, ki ce a dakatar da kafinta. Babban a kafa shi a gida don watannin damina da ba ku tafiya, ƙaramin kuma shi za ki roƙa ya zaɓo ya ɗaura. Rozita ma ki neme ta, maganar ƙwan fitila ta yi zafi.

Sai abin da ba za ki so ji ba. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na ji ra'ayinki, na Fairuz, na Rozita, har na mutumin ƙungiya. Na Sudin ne kawai babu. Jikinsa ne ya shanye, ba hankalinsa ba, kuma duk cikinku shi kaɗai ya san abin da bangon motar nan da batirinta za su iya ɗauka. Kafin ki kira kowa, ki zaunar da shi a cikin motar, ki gaya masa komai, sannan ki kama bakinki. Ko rabin awa amsar za ta ɗauka, ki jira.

Mai yiwuwa ya ce a bar masa tagarsa. Mai yiwuwa kuma idonsa ya gaji fiye da yadda kike zato, ya ce a toshe, a nemo wa firjin batirinsa daban. In haka ya zaɓa, shi ya yanka ta, shi ke da ikon rufe ta, sai ki danne zuciya ki riƙe wa kafinta katako. Allah Ya ƙara masa sauƙi, Ya kiyaye muku hanya.

Anti Mahani