Tsohuwar Kwamfuta da Alkawarin Sabuwa

Zuwa ga ɗana, Dogo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga mahaifiyarka, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya tsare ku a inda kuke, ya sa albarka a abin da kake nema, ya raba ka da sharrin mutum da na ƙarfe. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar babanku ta yi sauƙi, har ya koma zaman benci a ƙofar gida yana gyara wa masu wucewa tuƙi da baki, shi da ya ajiye sitiyari tun kana makaranta. Yayarka ta zo da yara sun yi mana kwanaki, sun tafi sun bar gidan shiru da karyayyar kujera. Rufin kicin da na gaya maka yana yoyo an gyara shi, kada ka sa shi a ranka.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Dalili shi ne idan ka kira, kullum kana kan hanya ko za ka shiga aiki, ni kuma da na ji muryarka sai maganar da na shirya ta watse, in ɓuge da tambayarka ko ka ci abinci. A takarda kuwa ba mai katse ni. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san hannun da ya fara riƙe biro da furfura a kai ba ya tafiya a miƙe. Matar maƙwabcinmu ce za ta ɗauki hotonta ta turo maka, domin ba na son ƙanwarka Auta ta gani, maganar a kanta take.

Ka san aikin da Auta ta kama na tace bidiyo. Ni da farko na ɗauka wasan waya ne irin na yaran yanzu, sai da na zauna kusa da ita na ga yadda take yanke nan, ta haɗa da can, ta ɗora murya da rubutu, abin da aka ɗauka a hargitse ya fito tsaf kamar rigar da ta baro hannun tela. Hajiya mai shagon yadi da ke bakin titi ta ba ta aikin tallar kayanta. Duk sanda sabbin yadudduka suka iso, Auta ta je ta ɗauka, ta tace, a sa a waya masu saye su gani. To wayar ta gaji, ɗana. Tana cikin aiki sai ta ɗauki zafi kamar dutsen guga, ta ɗauke, aikin wuni guda ya bi ruwa. Na ga yarinyar nan ta kifa kai a kan tebur, kuma ka san Auta ba ta haka sai abu ya kai mata wuya. Hajiya mutuniyar kirki ce, amma ta faɗa mata a gabana cewa ita ciniki take yi, idan wata ya ƙare ana kawo mata aiki a makare za ta nemi wani.

Ban manta ba, kuma ita ma ba ta manta ba, ka ce kada a sayi tsohuwar kwamfuta, kai za ka aiko da sabuwa fil a kwalinta. Ranar da ka faɗa har rawa ta yi a tsakar gida. Tun daga nan duk wanda ya ba ta shawarar ta hannu sai ta ce yayanta ya hana. Amma da maganar Hajiya ta zo, wata ƙawarta ta gaya mata akwai wani mai gyara da ake ce wa Injiniya, yana da kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu wadda ya sabunta, kuma abin da Auta ta tara daga aikinta zai iya ɗaukarta. Ta ƙi zuwa. Ni ce na matsa, na ce gani ba saye ba ne. Idan akwai laifi a nan, nawa ne.

Daren da za mu je ban rintsa sosai ba, ka san halina. Na yi ta tunanin mutanen da suka sayi kayan gwanjo suka kai gida ya ce ga garinku nan. Araha ba ta ado, haka muka taso muna ji. Da safe babanku ya ga ina ta kai da kawowa, ya ce in daina wahalar da takalmi, tsohuwar mota ba a gwada ta a gangare, a hawa ake gwada ta kuma da kaya a bayanta. Ya ce Auta ta tafi da aikinta mafi nauyi, kada ta yarda a nuna mata hoton furanni a ce mata ga gudu. Na ce masa kwamfuta ba mota ba ce, ya ce duk abin da ke da fanka yana nishi ɗan'uwan mota ne.

Shagon ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin bene, kwamfutoci a jere a kan kanta cikinsu a buɗe kamar majinyata, ga ƙananan kusoshi a cikin murfin kwalba, ga ƙaurin dalma. Injiniya ba yaro ba ne, yana da tabarau a ɗaure da zare. Ya ba ni kujera ya kira ni Mama, na ce masa kada ya yi mini daɗin baki, ɗana na nesa ya fi shi sanin kwamfuta kuma duk abin da ya faɗa zan kai masa. Ya yi dariya ya ce to bari ya faɗi gaskiya tun da akwai alƙali. Kwamfutar baƙa ce, mai nauyi, gefenta ɗaya ya ɗan goge. Ya ce daga wani ofis ta fito, ya ƙara mata ƙwaƙwalwa, ya sauya mata rumbun ajiya da sabo mai sauri, ya share ƙurar cikinta. Ya ce batirinta ya tsufa, ba za ta daɗe ba a jona ta da wuta ba. Gajerun bidiyo irin na talla za ta yi su ba gardama, amma ranar da Auta ta fara karɓar dogon aiki daga manyan kyamarori, za ta riƙa rarrafe, kuma babu sauran abin da za a ƙara mata. Ya ce ba abokiyar zaman har abada ba ce, kamar jaki take, za ta kai mutum kasuwa ta dawo da shi. Zai ba da garanti na ɗan lokaci a rubuce.

Auta ta zuba aikinta. Wani bidiyo ne da ta ɗauke ni ina ɗaga yadudduka a shagon Hajiya, wanda ya kashe mata waya har ta haƙura da shi. Fankar kwamfutar ta tashi da ƙara, na ɗora tafin hannuna a kanta kamar yadda nake taɓa goshinku kuna yara. Da ɗumi, amma ba zazzaɓi ba. Muka zauna muna kallon wani ɗan layi yana cika a hankali. Injiniya ya ce sabuwa da tuni ta gama, wannan sai mutum ya sha shayi ya dawo. Amma ta gama, ɗana. Ba ta ɗauke ba, ba ta tsaya a hanya ba. Na saci kallon fuskar Auta, na ga tana cije leɓe don kada murnarta ta fito.

Sai dai da aka kunna bidiyon na ga abin da ya tsaya mini a rai. Zanen da ke jikina a ciki shi ne shuɗin nan da ka saya mini da albashinka na farko, kuma shi na ɗaura ranar. Na dubi jikina, na dubi gilashin kwamfutar. A jikina shuɗi ne, a can kuwa ya koma wani kore-kore kamar ruwan kududdufi, farin mayafina kuma kamar an jiƙa shi a shayi. Na sake dubawa, ina tsoron ko idona ne, kada in yi abin kunya a gaban mutane. Da na kasa daurewa na faɗa. Injiniya ya ɗaga tabarau ya duba, ya ce gaskiya ne, gilashin ya tsufa, launinsa ya ja zuwa rawaya, shi bai kula ba domin masu saye a wurinsa yawanci rubutu suke yi. Ya jona ta da wani gilashin da ke kan teburinsa, sai ga zanena ya dawo shuɗinsa. Ashe bidiyon lafiyarsa ƙalau, idon kwamfutar ne ya yi yana irin na tsofaffi.

A nan hankalina ya tashi fiye da da. Auta ce ta yi mini bayani a hanya: idan ta amince da wannan gilashin, za ta riƙa gyara launin da ba shi da laifi, mace ta ga yadi a waya ta aiko a saya mata, a kai mata wani launi daban. A tallar yadi kuwa launi shi ne komai. Wa zai yarda da Hajiya bayan haka, wa kuma zai yarda da Auta? Injiniya ya ce zai iya neman wani gilashin ya sauya, amma bai yi alkawarin zai fi wannan ba. Abin da ya fi, in ji shi, a samu gilashi na daban mai kyau a ajiye a tebur, kafin nan kuma duk aikin da ta gama ta duba shi a waya kafin ta miƙa. Auta ta ce ai ga ma'auni a gida, za ta riƙa ɗaukar zanen nan nawa a farkon kowane aiki, idan ya fito daidai a waya to sauran ma daidai suke. Babanku da ya ji ya ce shi ke nan, na samu aiki a kamfani, a riƙa biyana kuɗin haya.

To ka ji yadda take, ban ɓoye maka aibinta ba. Tsohuwa ce, tana da nauyi, tana son wuta kusa, idonta da gyara, kuma wata rana aikin zai fi ƙarfinta. Na kwana ina juya abin. Idan an saya ta mutu bayan garanti, guminta ya tafi. Idan ba a saya ba wata ya ƙare, aikin ya tafi, kuma irin wannan ƙofar ba kullum take buɗewa ba. Injiniya ya yarda zai ajiye ta zuwa ƙarshen mako mai zuwa. Auta kuwa da muka dawo ta ce a bar maganar, ba za ta sa yayanta ya ji kamar ta raina alkawarinsa ba.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki biro. Labarin zuciya a tambayi fuska. Kiran bidiyon da ka yi na ƙarshe na ga wuyanka ya fito, kuma da Auta ta gaishe ka sai ka yi sauri ka ce kwamfuta tana hanya, tun ba ta tambaye ka ba. Ban tambayi matarka komai ba, ita ma ba ta faɗa mini komai ba, kada ka tuhume ta. Ni na haife ka. Tun kana ƙarami idan kaya ya yi maka nauyi ba ka saukewa, sai dai ka ƙara sauri. Alkawari kaya ne, na sani, amma wannan kayan mu muka ɗora maka da murnarmu, kuma ni mahaifiyarka na sauke maka shi. Kana da haya, kana da iyali, kana zaune a inda ba ka da kowa. Ba wanda zai ce ka gaza.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba don ba ka nan lokacin. Shekara da shekaru ina cewa zan shiga makarantar manya idan kun girma, idan hidima ta ragu, idan na samu sabon littafi da jaka kamar kowa, don kada a yi mini dariya. Ina jira har gashi ya yi fari. Ranar da na tafi daga ƙarshe, ba da sabon littafi na tafi ba. Tsohon littafinka na lissafi na ɗauko a cikin kwali, wanda ka cika rabi ka bari, bangonsa ya yage, ka zana mota a bayansa. Na juya shi ta baya na fara. A cikinsa na koyi rubuta sunana, a cikinsa na koyi rubuta naka. Da ya cika na sayi sabo, kuma a lokacin na san abin da zan yi da sabon. Abin da nake nadama ba tsufan littafin ba ne, shekarun da na yi ina jira ne. Ba na son Auta ta yi irin jirana.

Roƙona ɗaya ne. Ka kira ta da kanka, ba ta bakina ba, ka ce mata ta je ta ɗauko. Ka yi mata tambayoyinka na masu ilimi, ka sa ta karɓi garantin a rubuce, in ka ga wani aibin da mu ba mu gani ba ka faɗa, za mu ji. Amma in ba ka gani ba, ka sake ta. Daga bakinka kawai za ta karɓa da zuciya ɗaya. In Allah ya buɗa nan gaba kana son ka sa hannu, ga gilashin tebur nan, ya fi sabuwar kwamfuta sauƙi nesa ba kusa ba. In bai samu ba, zanena yana nan, bai koɗe ba.

Babanku yana gaishe ka, ya ce in gaya maka shi ma tsohon inji ne amma har yanzu yana tashi da bugu ɗaya. Yayarka da maigidanta suna gaisuwa, haka kawunka da gwaggonka. Ka gaishe mini da surukata, Allah ya saka mata da haƙurin da take yi. Ka shafa mini kan angona ƙarami, ka ce masa amaryarsa tana fushi, ya daina ɓuya idan an miƙa masa waya. Ka riƙa cin abinci, ka riƙa barci.

Allah ya yi maka albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Idan ka ga layukan sun karkace, ka tuna a bayan littafinka aka koye su, kuma duk da haka sun iso gare ka.

Mahaifiyarka mai yi maka addu'a kullum.